Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi a kan Jinkiri da Soma Babban Aiki

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani hali wanda kusan babu gidan da bai san shi ba, watau jinkiri. Muna nufin halin mutumin da ya san aikin da ke gabansa, ya san amfaninsa, yana kuma da ikon somawa, amma kullum sai ya ɗaga shi zuwa gobe. Za mu ɗauki yawancin misalanmu daga gona, gama jama'ar ƙasar Tambuwal da Kebbe manoma ne, kuma gona ba ta karɓar uzuri. Shugaba a ofis yana iya ƙara wa ma'aikaci mako guda. Damina kuwa ba ta taɓa ƙara wa kowa kwana ɗaya ba.

Jira dabam, jinkiri dabam

Kafin mu yi nisa ya kamata mu raba jira da jinkiri, domin kada mu ɗora wa mai gaskiya laifi. A wannan yanki na kudancin Jihar Sakkwato ruwa yakan soma sauka tsakanin Mayu da Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Manomin da ya ga ruwan farko ya ƙi fitar da iri, yana jiran ƙasa ta sha sosai, lissafi yake yi. Ya san sau nawa ruwan farko ya yaudari mutane, shuka ta tsiro, rana ta ƙone ta. Wanda ya yi binne tun ruwa bai zo ba, shi ma da nasa lissafin. Haka nan 'yan'uwanmu na waɗansu ƙauyukan Kebbe waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu na nesa a 'yan shekarun nan, duk wanda ya kira su malalata ya zalunce su.

Jinkirin da muke magana a kai yana da alama guda. Idan aka tambayi mai shi abin da yake jira, ba shi da amsar da zai nuna da yatsa. Mai jira yakan ce ruwa yake jira, ko kuɗin wakensa. Mai jinkiri sai ya ce yana jiran ya sami sarari, ko hankalinsa ya kwanta, alhali ya sani a ransa cewa kowane kwanan da ya wuce hasara ce a gare shi.

Abin da ke riƙe hannu

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙyuya. Mu dai ba mu gamsu da ita ba. Akwai mutumin da ke tashi tun da asuba, ya yi ban ruwa a fadama, ya kai albasa kasuwa, ya dawo ya gyara danga, amma ga shi shekara ta uku yana ɗaga zuwa asibiti a duba kumburin da ke wuyansa. Ba za a ce da wannan malalaci ba. Ƙaramin aiki ba ya ba mutum tsoro. Babban aiki kuwa, tun daga tuna shi zuciya take yin nauyi: ko ba zan iya ba, ko za a yi mini dariya, ko likita zai faɗi abin da ba na son ji. Sai mutum ya kama wani aikin da ya fi sauƙi domin ya huta da nauyin nan. A 2013 masana halayyar ɗan adam biyu a ƙasar Kanada, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun bayyana jinkiri da wannan fuska. A ganinsu mai jinkiri yana sayen sauƙin zuciya na yau ne, ya bar wa kansa na gobe biyan bashin.

Magabata sun riga su gane haka. A ƙarni na 4 an yi wani mai zuhudu a hamadar Masar, sunansa Evagrius, wanda ya rasu a shekara ta 399. Ya lura da wata kasala da ke kama masu zuhudu da tsakar rana. Mutum sai ya riƙa leƙen taga yana ganin kamar rana ta ƙi tafiya, ya ƙosa da ɗakinsa da aikin hannunsa, ya shiga tunanin cewa da a wani wuri yake da ya fi yin abin kirki. Maganin da Evagrius ya bayar ba shi da wani ado: mutum ya zauna inda yake, ya yanka wa kansa gwargwadon aikin da zai iya, kada ya tashi sai ya gama shi. A riƙe wannan kalma ta gwargwado, za mu sake haɗuwa da ita a gona.

To, in tsoro ne ke riƙe hannu, ƙara wa mutum tsoro zai sake shi? An gwada wannan. A 1965 wani masani mai suna Howard Leventhal da abokan aikinsa suka raba wa ɗaliban Jami'ar Yale ta Amurka takardu a kan cutar tetanas, wadda ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Takardun waɗansu na ɗauke da bayani mai tayar da hankali, na waɗansu kuma bayani ne mai sanyi. Waɗanda aka tsorata sun fi cewa lalle za su je a yi musu allurar rigakafi. Da aka bi sawu, sai aka tarar tsoron bai kai su asibiti ba. Abin da ya kai su shi ne wani ƙari ɗan kaɗan da aka yi wa waɗansu: taswirar makaranta da aka zagaye asibitin a kanta, da sa'o'in da ake yin allurar, da roƙon kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokacin da zai je. Cikin waɗannan, kashi 28 cikin 100 sun je. Cikin waɗanda ba a yi wa ƙarin ba, kashi 3 ne kawai. Abin lura shi ne ɗaliban nan sun daɗe a makarantar, sun san inda asibitin yake. Taswirar ba ta koya musu sabon abu ba, ta dai mai da niyya ta zama tafiya mai rana da sa'a.

Wannan gargaɗi ne ga dukan masu koyarwa, iyaye da malaman makaranta da malaman gona, har da mu masu rubutu. Faɗa da tsoratarwa sukan sa mai sauraro ya gyaɗa kai, ya fita yana cewa gaskiya ne. Daga nan ba lalle a ga kome ba. Wani masanin, Peter Gollwitzer na ƙasar Jamus, ya tattara bincike a kan wannan a 1999, ya nuna cewa wanda ya ƙulla niyyarsa da wani lokaci da wani wuri ya fi cika ta a kan wanda ya tsaya ga cewa zai yi. Bari mu ɗan ratse a nan. Faɗin “in Allah ya yarda” abu ne mai kyau, gama gobe ba a hannunmu take ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ce “ranar Talata da hantsi, in Allah ya yarda” da wanda ya ce “in Allah ya yarda” kurum domin a ƙyale shi. Na biyun ya ɗauki sunan Mahalicci ya yi mayafi da shi.

Taki da kuɗin kaka

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan jami'a ne. An yi irin binciken a kan manoma ƙanana kamarmu, a gundumar Busia ta yammacin Kenya, inda masara ce abincin yau da kullum. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson ne suka yi shi, aka buga sakamakon a 2011. Biyun farko suna cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sun nuna wa manoma a gonakinsu cewa ɗan takin zamani da aka sa lokacin da masara ta kai gwiwa yana biyan kuɗinsa har da riba. Kusan dukan manoman suka ce baɗi za su sa. Da baɗin ta zo, waɗanda suka sa ba su kai rabi ba. Dalilin da suka bayar shi ne wanda kowa ya sani a Jabo ko Sanyinna: lokacin taki ya zo, kuɗi babu.

Amma da kaka akwai kuɗin. Abin da ya faru shi ne kowa ya ce sayen taki ba na gaggawa ba ne, kasuwa na da nisa, a bari sai an shiga gari. Kafin a shiga garin, biki da rashin lafiya da baƙi sun cinye kuɗin. Sai masu binciken suka aika mutum ƙofa-ƙofa da zarar an gama girbi, yana sayar da takardar taki a kan farashin kasuwa, ba ragi, da alkawarin za a kawo takin har gida kyauta a lokacin da manomi ya zaɓa. Masu sa taki suka ƙaru ƙwarai. Da aka yi wa waɗansu tayin kawowa kyauta can cikin damina, bai yi tasiri kamar haka ba. Sai da aka rage rabin farashi sa'an nan aka sami sakamako mai kama da na tayin kaka. Watau yanke shawara a daidai lokacinta ya yi aikin da tallafin rabin kuɗi ya yi. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin manoma da matan da ke adashe suna iya yi wa kansu wannan ba tare da jiran kowa ba: a sa ranar zubi cikin makon da aka sayar da amfani, a sayi takin tare, a ajiye shi bisa katako a ɗaki marar laima.

Kututturen Maraɗi

Allura da buhun taki ƙananan ayyuka ne da ake ɗagawa. Akwai kuma aikin da girmansa kansa ke kashe jiki, har mutum ya rasa ta inda zai kama shi. Mafi girman irinsa da ke gaban manomin ƙasarmu shi ne mutuwar ƙasa: itatuwa sun ragu, iska tana kwashe saman gona, jigawar da ke ba da dami ashirin a zamanin kakanni yanzu da ƙyar take ba da rabin haka. Sunan Dogon Daji kaɗai ya isa ya sa yaro ya tambayi dattawa yadda ƙasar nan take a da. Kowa ya san matsalar, kowa kuma ya yarda a yi wani abu. Amma mutum ɗaya mai fartanya, me zai yi da hamada?

Maƙwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun riga mu tsayawa gaban wannan tambaya. Hausawa ne, geronsu irin namu, ruwan da suke samu ma bai kai namu ba. Bayan farin shekarun 1970 ƙasarsu ta zama fili fetal. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka ɗauki hanyar da kowa zai fara tunani: a kafa lambunan renon itatuwa, a raba dashe, a kewaye da waya. An kashe kuɗi mai yawa, amma yawancin dashen ya mutu, rana da gara da awaki suka gama da shi. Cikin masu wannan aiki akwai wani matashi masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 tare da ƙungiyar mishan ta SIM. Ya yi ta dashe, yana ta ganin dashen na mutuwa, har ya kusa fid da rai.

A 1983, yana kan hanyar kai dashe wani ƙauye, ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurmin nan da ke warwatse a gonaki, waɗanda ya sha wucewa yana ɗaukarsu ciyawar banza. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne. An sare shi tuntuni, amma kututturen na da rai, saiwarsa tana can ƙasa inda laima take, kowace shekara yana toho, kowace bazara kuma mai gona yana sare tohon wajen sassabe ya ƙone. Irin waɗannan kututture miliyoyi ne a gonakin. Ashe dajin da ake ta wahalar dasawa yana nan a ƙarƙashin ƙasa, ba ya bukatar lambun reno ko ban ruwa. Abin da yake bukata shi ne a rage masa rassa, a bar masa kaɗan masu ƙarfi su miƙe.

A nan ne darasin ya fi shafarmu, gama gane hanya bai sa mutane sun ruga sun kama ta ba. A al'adar wurin, kamar a tamu, manomin kirki shi ne mai gona tas, ba ko tsinke. Manoma ƙalilan ne, kamar goma, suka yarda su gwada a wani sashe na gonakinsu, kuma dariya aka yi musu, aka ce ƙazaman manoma ne. Da dare waɗansu sukan shiga su sare 'yan itatuwan su yi makamashi. Ga kuma dokar daji ta wancan zamani, wadda ta mai da itatuwa mallakar hukuma, har ana iya cin mutum tara don ya taɓa itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba?

Sai ga fari da yunwar 1984. Aka shirya ba da abinci a madadin aiki, aka kuma sa barin itatuwa a gona ya zama ɗaya daga cikin sharuɗɗa. A ƙauyuka wajen 100 aka bar itatuwa kimanin 500,000 suka tashi. Da yunwa ta wuce aka daina rabon abinci, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ya ga haka zai ce aikin ya rushe. Amma waɗanda suka bar nasu sun riga sun ga abin da ba a iya gaya wa mutum da baki. Gero bai ragu ba. Iska ta daina binne shuka da rairayi, ba a sake yin shuka sau uku ko huɗu ba kamar da. Mata sun sami itacen girki a bakin gona, dabbobi sun sami ganye da 'ya'yan itace da rani, suka bar kashinsu a gonar. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya. Mutane suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. Daga baya hukuma ta sassauta, dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya rena.

Wajen shekara 20 abin yana yaɗuwa daga gona zuwa gona, duniya ba ta sani ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike irin su Chris Reij na ƙasar Holan da Gray Tappan na Amurka suka gwama tsofaffin hotunan sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan adam. Suka ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, gonaki wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya farfaɗo da ƙasarsa da ramukan zai. Amma gaskiya ita ce yabon na manoma ne. A wajajen Magarya da Matamai, inda gawo ya cika gonaki, mutane da yawa sun yi abin da kansu, bisa sanin da suka gada.

Mu gwama wannan da wani aikin. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon wajen kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, aka sa burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa hukumar shirin a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa a yankin da aka keɓe wa shirin, abin da aka farfaɗo zuwa lokacin wajen hekta miliyan 4 ne. Ba raina shirin muke yi ba. Akwai ayyukan da sai hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye ta. Amma a ganinmu jiran gwamnati shi ne jinkirin da ya fi kowanne kwarjini, domin mai yinsa ba ya jin kunya, yana ma iya yin shekara goma yana magana mai ma'ana a majalisa ba tare da ya taɓa adda ba.

A gonakinmu

Mai tafiya a hanyar Sakkwato zuwa Jega da bazara, in ya dubi dama da hagu, zai ga tohon sabara da kalgo da geza da magarya a gonaki, zai kuma ga hayaƙin inda aka tara su ana ƙonewa. Watau kowace shekara muna zuwa har gaban matakin farko da adda a hannu. Ba a neman mu ƙara wata tafiya ko mu kashe ko sisi. Ana neman mu sauya abin da hannu zai yi ne in ya isa wurin.

Ga yadda ake yi. A tsaya a kan kututture, a dubi tohonsa, a zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi tsayi da miƙewa, a sare sauran. Waɗanda aka bari, a share musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu, kada a wuce haka, gama in aka yi musu ƙwal sai iska ko akuya ta karya su. Adda ta zama mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage ya bar ƙofa ga cuta. Abin da aka sare, ganyen ya zauna a gona, itacen a kai gida. A Nijar waɗansu sukan ɗaura ɗan jan tsumma a reshe, alamar cewa wannan yana da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a rage sabon toho. Kowace shekara ana iya sare reshe ɗaya a yi amfani da shi, a bar wani ya maye gurbinsa. Gawo kuwa, in an yi sa'ar samun ɗansa a gona, a kiyaye shi kamar ɗan maraƙi: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa geron gindinsa yakan fi na fili.

Za a kawo uzuri, waɗansu kuma na gaskiya ne. Wani zai ce itace na kiran tsuntsaye, yana kuma yi wa gero inuwa. Wannan ne ya sa ba mu ce kowa ya mai da gonarsa duka haka a bana ba. Mu koma ga gwargwadon nan na Evagrius: kusurwa ɗaya, kututture goma, safiya ɗaya. Da kaka mai gona ya gwama damin kusurwar da na sauran gonar, ya yi hukunci da idonsa. In bai gamsu ba, addarsa tana nan, bai yi hasarar kome ba. Mutum yakan fi saurin soma abin da ya san yana iya janyewa daga cikinsa. Wani kuma zai kawo karin maganar nan cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Karin maganar tana da wurinta, amma a dandalin biki ne, inda ake kallo. Manoman Maraɗi na farko muguwar rawa suka yi a idon maƙwabta, da yawa ma suka koma suka zauna, kuma daga ragowar ne miliyoyin nan suka fito.

Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, matakinsa na farko magana ce da mai gonar, gama barin itace a gonar wani yana iya zama rigima. Maganar masu saran itace da masu gawayi da makiyaya masu sassaƙe rassa kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauyukan Nijar inda abin ya zauna da gindinsa, irin su Ɗan Saga a yankin Agye, sai da jama'a suka kafa kwamitin sa ido, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka yarda da tarar da za a ci wanda ya yi ɓarna. Mu ma muna da mai unguwa da hakimi da arɗo, muna kuma da gayya. Gayya ma maganin jinkiri ce tun asali: da zarar an sa rana, an gaya wa mutane, an jiƙa gero domin fura, mai gona ba shi da sauran hanyar cewa sai jibi.

Wanda ba manomi ba, ya nemi nasa kututturen. Mai kumburin nan a wuya ba a ce ya yi tunanin tiyata da kuɗinta yau ba. Ya tambayi ranar da likita ke ganin marasa lafiya a babban asibitin Tambuwal, ya gaya wa ɗansa ko ƙaninsa ranar domin ya raka shi. Wanda bashi ya yi wa katutu har yana sauya hanya don kada ya haɗu da masu binsa, ya zauna da daren yau ya rubuta sunayensu da abin da kowa ke bi. Sau da yawa adadin da ke kan takarda bai kai wanda ke cikin zuciya ban tsoro ba. 'Yan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda gado, ba a gaisuwar farko ake raba gona ba. Gaisuwar ce dai ake ta ɗagawa, kullum ana cewa sai an haɗu a wani biki, har a wayi gari an haɗu a wurin jana'izar ɗayansu.

Ga masu sassabe kuwa, lokacin yana tsakanin Maris da Mayu, kafin a sa wuta. Wanda wannan takarda ta iske shi bayan ya riga ya share gonarsa, kada ya ce sai baɗi. Kututturen zai sake toho da ruwan farko, kuma lokacin noman firi, sa'ad da ake bin kunya-kunya da fartanya, ana iya tsallake goma a bar su su tashi tare da gero. Sai dai a gaya wa yara da 'yan ƙwadago tun da safe, a nuna musu waɗanda aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, gama hannun da ya saba sharewa ba ya tambaya.